Sababbin Fina-finai Huɗu Za Su Fito Juma'ar Nan, Kuɗin Guda Ɗaya Gare Ni

Abban_Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Jadawalin silima na ƙarshen makon nan ya fito, sababbi huɗu ne za a fara haskawa ranar Juma'a. Akwai na Amurka, kashi na uku na wani fim ɗin faɗa da aka daɗe ana jira. Akwai na kudancin Indiya mai kusan awa uku. Akwai na barkwanci daga Legas. Sai kuma na Hausa, wanda aka yi wata biyu ana tallarsa a Instagram da TikTok. Tun cikin azumi na yi wa maman Ikram alkawari zan kai ta, ita ma Ikram ta ce ƙafarta ƙafarmu, shekararta tara. In ka haɗa tikiti uku da gugguru da lemo da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ka taɓa cefanen kwana biyu, don haka fim ɗaya kawai za mu iya shiga. Na kalli tirelar duka huɗun, wato ɗan gajeren bidiyon tallar fim, kowacce ta yi kyau, kuma nan ne matsalar. Bara haka tirela ta ja ni wani fim ɗin barkwanci, ashe duk wuraren dariyar su ne aka tattara a minti biyun nan, sauran awa ɗaya da rabin muka yi ta jiran abin da bai zo ba. Ku da kuka saba zuwa, yaya kuke gane wanda ya cancanci kuɗinku tun kafin ku shiga?

Yaro_Kaduna:
Wa alaikumus salam. Kada ka je Juma'a. Ka bari sai Asabar da yamma ko Lahadi, lokacin waɗanda suka fara shiga sun fito sun faɗi gaskiya.

EditanZooRoad:
Yaya Abban Ikram, abin da ya same ka bara ba kuskurenka ba ne, aikin tirela ke nan. Ni sana'ata tace fim ce, kuma na yanka tirela da hannuna ba adadi. Idan furodusa ya zauna a bayana ba ya cewa in nuna wa mutane yadda fim ɗin yake, cewa yake in sa su zo. Sai in tsinci sin biyar ko shida mafiya ƙarfi, in ɗora kiɗa mai ɗaga hankali, in yanka maganar jarumi daga nan in haɗa ta da fuskar jaruma daga can, ko da a fim ɗin ba a wuri ɗaya suke ba. A Amurka ma abin ya fi haka, don akwai kamfanonin da ba su da wani aiki sai yanka tirela, kuma sau da yawa suna yi ne tun ba a gama haɗa fim ɗin ba. Shi ya sa za ka ga sin a tirela ka shiga silima ka neme shi ka rasa. A 2022 wasu mutum biyu sun kai kamfanin Universal kotu a can saboda sun ga Ana de Armas a tirelar wani fim, suka biya kuɗi suka kalla, ashe an cire ta gaba ɗaya.

Amma tirela tana tona asiri ga wanda ya san inda zai duba. Ka sa abin sauraro a kunne ka saurari sauti, kada ka bi hoto. In muryar 'yan wasa tana amsa-kuwwa kamar a cikin randa, ko ta wannan ta fi ta wancan ƙarfi alhali a ɗaki ɗaya suke, to a babban majigi abin zai ninka. Sannan ka tambayi kanka bayan ka gama kallo: me jarumin nan yake nema, wa ya tare masa hanya? In ka kasa amsawa, mai yiwuwa su ma masu fim ɗin ba su da amsar.

Ummu_Hanif:
Ni abin da ya tsaya min a rai shekarun Ikram ne. Malam, kafin ka duba wanne ya fi daɗi, duba wanne yarinya 'yar shekara tara za ta iya zama a gabansa. Kowane fim da ake haskawa a silima a ƙasar nan yana da alamar da hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta ba shi, za ka gan ta a jikin fasta ko a jadawali: G, PG, 12, 12A, 15 ko 18. Wanda aka rubuta wa 15 ko 18 ka cire shi daga lissafi kawai. Na Amurkan kuma in ka ga PG-13, ma'aunin iyayen can ne, ba namu ba. Abin da su suke ɗauka ba komai, sumbata ce ko shigar banza ko zagi, mu a nan sai ka rasa inda za ka sa fuskarka. Na taɓa shiga da yarana biyu wani fim da na ɗauka na yara ne saboda zane ne, minti ashirin na kama hannunsu muka fito. Tun daga ranar ba na kai su sai na tambayi wata uwa da ta riga ta gani.

Abban_Ikram:
Hajiya Ummu Hanif na gode ƙwarai, na duba yanzu. Na Amurkan 15 aka sa masa, na Legas ɗin ma 15. Saura na Indiya da na Hausa ke nan in har da Ikram za a je.

Masoyin_Indiya:
To ai an gama magana, ku shiga na Indiya! Finafinan kudu, na Telugu da Tamil, don babban majigi ake yin su. Faɗan da rawar da taron mutanen, in ka kalle su a waya ka cuci kanka. Na Hausa kuwa ko ba jima ko ba daɗe zai zo YouTube ka kalla a falonka.

Malama_Rabi:
Ɗana Masoyin Indiya, ka manta awa uku ne. A Indiya ana tsayar da fim a tsakiya a ba da hutu, mutane su fita su sha shayi su dawo, kuma a kan wannan hutun ake gina labarin tun wajen rubutu. Yarinya 'yar tara ba za ta iya zaman awa uku tana bin fassarar Turanci a ƙasan allo ba. Kafin ta karanta layi ɗaya an wuce uku. Yaranmu da Indiya-Hausa suka saba, irin fassarar su Algaita, inda jarumi ke magana da Hausar Kano. A silima ba za ta sami wannan ba. Sannan ku lissafa salla. In an fara ƙarfe huɗu da rabi, Magariba za ta riske ku a ciki.

Masoyin_Indiya:
Gaskiya ne Malama, ban yi tunanin fassarar ba. Amma maganar Magariba akwai na ƙarfe ɗaya a yawancin ranakun Asabar, ya duba jadawali.

Nazir_BUK:
Bari in ƙara wani abu kan masu duba maki a intanet, don na ga mutane da yawa suna ruɗewa. In ka ga Rotten Tomatoes ta ba fim kashi 90 cikin ɗari, ba wai fim ɗin ya ci 90 ba ne kamar jarrabawa. Ma'anarsa cikin masu sharhi ɗari, casa'in sun ce ba laifi. Fim ɗin da kowa ya ce "to, ya yi dai" zai iya samun 95, wanda kuma ya raba kan mutane, wasu suka so shi matuƙa wasu suka tsane shi, ya tsaya a 55. Daga kashi 60 zuwa sama ne suke sa masa jan tumatir, alamar ya yi kyau. IMDb kuma maki ɗaya zuwa goma ne, kuma duk mai rajista zai iya bayarwa, ko ya kalla ko bai kalla ba. A finafinan Indiya musamman, ranar farko magoya bayan jarumi kan yi dafifi su zuba goma-goma, magoya bayan abokin hamayyarsa su zuba ɗaya-ɗaya. Makin kwana biyun farko ba abin dogaro ba ne.

Wanda na fi yarda da shi a finafinan Amurka shi ne CinemaScore, domin su a ƙofar silima suke tsayawa daren farko su tambayi waɗanda suka biya kuɗinsu suka kalla, su ba da maki daga A zuwa F. Wata alama kuma, in kamfani ya hana masu sharhi ganin fim kafin ranar fitowarsa, ko ya hana su wallafa ra'ayinsu sai ranar, sau da yawa akwai abin da yake ɓoyewa. Wanda ya yarda da kayansa tun mako guda kafin nan yake barin a yi magana.

Yaro_Kaduna:
Duk wannan na Turawa ne Nazir. Shi yanzu tsakanin na Indiya da na Hausa yake. Wa ke ba finafinan Hausa tumatir?

Nazir_BUK:
Babu, kuma wannan ce babbar matsalarmu. Muna da masu talla da yawa, masu sharhi kaɗan. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta yi ƙoƙari shekara da shekaru, akwai kuma ɗaiɗaikun marubuta a jaridu da Facebook da ke rubuta gaskiya. Amma abin da ya fi yawa a shafukan sada zumunta shi ne abokan sana'a suna ɗora fastar juna suna rubuta "Allah ya ba da sa'a". Addu'a ce mai kyau, sai dai ba ta gaya wa mai kallo ko labarin ya tsaya da ƙafarsa.

MaiShiri_KN:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar Yaro Kaduna ta farko da ta Masoyin Indiya sun taɓa ni, domin ni mai shirya fim ne, ƙarami dai. Wannan fim ɗin da ake magana ba nawa ba ne, ban ma san masu shi sosai ba, don kada a ce talla nake.

Ku sani kwana ukun farko su ne rayuwar fim a silima. Mai silima kasuwanci yake. Ranar Litinin zai duba wanne ya cika ɗaki, wanne aka haska wa kujeru. Wanda bai kawo mutane ba sai a rage masa lokuta, a mayar da shi ƙarfe goma sha biyun rana ranar aiki, mako na gaba a sauke shi. Kuɗin tikitin ma ba duka ne ke zuwa hannun furodusa ba, ana rabawa da mai silima da mai rarrabawa, ga haraji. To in kowa ya ce bari in jira wasu su fara gani, ko bari ya zo YouTube, wa zai fara ganin? Fim ɗin Amurka ba ya jin rashin tikitinku uku, duniya gaba ɗaya yake sayarwa. Na Hausa kuwa tikiti uku abu ne da ake ƙirgawa.

Kun san yadda kasuwarmu ta rushe. Da can mai fim zai kai kaset, daga baya faifai, Ƙofar Wambai da Bata, 'yan kasuwa su saya a rarraba har Nijar da Kamaru da Gana. Masu satar fasaha da masu tura fim a waya kan kuɗi kaɗan suka kashe wannan hanya. Da aka buɗe silima a Ado Bayero Mall a 2015 sai muka ga wata ƙofa, aka fara yin finafinai masu tsada don babban majigi. Daga baya yawancinmu muka koma masu dogon zango a YouTube da Arewa24, saboda can ne ake samun abin mayar da jari. Duk wanda kuka ga ya sake ɗaukar kasadar kai fim silima a wannan lokaci, ya sa dukiyarsa a kan layi ne. Ina roƙon a duba wannan.

Ummu_Hanif:
Malam MaiShiri na ji maganarka kuma ta shige ni. Amma ka yi min adalci, shi ma Abban Ikram guminsa ne. Ba sadaka ya fito bayarwa ba, iyalinsa yake so su ji daɗi. In fim ɗin bai yi kyau ba wa zai mayar masa da kuɗinsa? Ku gyara aiki, mu kuma za mu zo. Ni ina zuwa na Hausa, amma na gaji da labarin da tun sin na uku na san ƙarshensa, ga waƙa huɗu da ba su da alaƙa da labarin.

MaiShiri_KN:
Hajiya ban musa ba. Akwai masu kai aikin da bai kamata ya wuce waya ba su ce silima. Abin da nake cewa kawai kada a yanke wa na gida hukunci tun ba a gani ba, alhali ana ba na waje uzuri.

Baba_Fagge:
Yara, kun tuna min da. A zamaninmu babu tirela a waya babu tumatir. Allo ne a ƙofar Plaza ko Orion ko El Dorado ko Marhaba, a manna fasta, mu tsaya bayan La'asar muna nazarinta kamar masu karatun jarrabawa. Mu ƙirga fuskoki, mu ga wane ne jarumi, wane ne bos, akwai doki ko babu, akwai bindiga ko takobi. Yawancin silimun nan ba su da rufi, sai duhu ya yi ake farawa, in damina ce hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Amma babban ma'auninmu shi ne bakin mutane. Akwai wani tela a layinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya fashin daren farko. Da safe sai mu taru a shagonsa, yana taka keke yana ba mu labari, kuma yana da wata ɗabi'a mai kyau, ba ya taɓa faɗin ƙarshe. In ya ce "ku je", mu je. In ya yi shiru ya ci gaba da ɗinki, mun gane, kuɗinmu ya huta.

Abin da nake so in ce wa Abban Ikram, ka nemi telanka. Mutum ɗaya wanda ka san abin da yake so ya yi daidai da naka, wanda kuma ba ya jin kunyar cewa abu bai yi ba. Ya fi maka mutum dubu da ba ka sani ba.

Wani abin kuma da ya faranta min rai a tambayarka shi ne da iyalinka za ka. A lokacinmu mace mai mutunci ba ta dosar ƙofar silima, mu ma a ɓoye muke zuwa kada iyaye su ji. Manyanmu suna da dalilinsu, ba su manta gobarar silimar El Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci mutum sama da ɗari uku a nan Kano, mutane da yawa suka ɗauke ta ishara. Yau ga shi mutum zai riƙe hannun 'yarsa su shiga wuri mai tsabta su zauna su fito lafiya.

Abban_Ikram:
Allah ya ƙara girma Baba, ya jiƙan telan nan. Wallahi ina da irinsa, wani abokin aikina ne, sai dai shi finafinan faɗa kawai yake kallo, in babu duka a fim barci yake.

BakanuwarJidda:
Baba Fagge ya sa na yi kewar gida. Mu nan Saudiyya sai a 2018 aka sake buɗe silima bayan shekara talatin da biyar a rufe. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, don haka ranar Alhamis ake sakin sababbin finafinai, kwana ɗaya kafin ku. Na Indiyan da kuke magana ina jin shi ne aka fara yau a nan, maƙwabciyata 'yar Hyderabad ta je da mijinta. Ta ce rabin farko ya yi kyau sosai, amma bayan hutu faɗa ya yi yawa, da jini. Ta ce ita ba za ta kai ƙananan yara ba. Sai dai ku sani abin da ake haskawa a nan an tace shi da ma'aunin nan, mai yiwuwa naku ya ɗan bambanta.

Masoyin_Indiya:
Anti, jinin finafinan kudu ai kowa ya san na wasa ne, yara ma sun sani.

Ummu_Hanif:
Ba kowane yaro ba. Nawa ƙaramin sai da ya yi mako yana firgita cikin barci saboda sin ɗaya da ya gani a wayar yayansa. A silima kuma ga duhu ga ƙarar da ke girgiza kujera, ba ka da damar rage murya ko ka wuce wurin.

DanMaradi:
Ina gaida mutanen Kano. Mu nan Maraɗi wannan zaɓin naku ma gata ne. Sai wanda ya je Yamai yake ganin silima irin ta zamani, kuma finafinan Amurka da Faransanci ake juya su. Na Hausa dai a waya da talabijin muke kallo, kuma ku sani ba mu da abin kallo da ya fi mana su. Ni yadda nake zaɓe, ba na duba jarumi, mai ba da umarni da marubuci nake dubawa. Jarumi yakan fito a fim goma a shekara, wani ya yi kyau wani ya lalace, don shi aiki aka kira shi. Amma darakta hannunsa ɗaya ne. In finafinansa biyu na baya sun riƙe ka har ƙarshe, na ukun ma da wuya ya ba ka kunya. Abban Ikram, duba fastar na Hausan ka ga sunan wa aka rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa.

EditanZooRoad:
Ɗan Maraɗi ya faɗi abin da na manta. In ƙara da wannan, in ka ga fasta an jera fuskokin manyan jarumai takwas ko goma, ka yi hattara. Sau da yawa wasunsu kwana ɗaya suka yi a lokeshin, sin biyu suka yi aka sa su a fasta don jan kasuwa. Kuɗin da ya kamata a kashe wa labari da sauti ya tafi wajen sallamar fuskoki.

Abban_Ikram:
Na duba. Daraktan na san aikinsa, shi ya yi wani mai dogon zango da maman Ikram ba ta bari ya wuce ta duk mako. Fuskoki huɗu ne a fastar. Amma wannan ne karonsa na farko a silima, a iya sanina.

Nazir_BUK:
To wannan ma abin dubawa ne. Mai dogon zango numfashinsa daban, ana jan labari a hankali saboda akwai mako mai zuwa. Fim na silima dole a buɗe a ƙulle cikin awa biyu. Wasu daraktocin in suka tsallako sai ka ga kamar an haɗa maka kashi huɗu ne a jere, zama a falo ana ta magana. Ka sake kallon tirelar, ka ga ko kyamara tana fita waje, ko duk a ɗaki ake.

Malama_Rabi:
Ni ban ga laifin zama a falo ana magana ba in maganar tana da ma'ana. Rayuwarmu ai yawancinta a tsakar gida da falo take. Abin da nake nema a fim shi ne in mun fito mu sami abin tattaunawa da yara a hanya. Na Hausa ya bi ta hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, don haka ta fuskar shiga da kalamai hankalinka zai fi kwanciya. Amma tacewa ba ta nufin labarin ya dace da yarinya. In rikicin kishiyoyi ne da saki da boka, ko babu kalmar batsa ɗaya, me 'yar tara za ta ɗauka a ciki?

Yaro_Kaduna:
Shi ya sa na ce Asabar tun farko. Kuma Malam MaiShiri, Asabar da Lahadi ai suna cikin kwana ukun da ka ce ana ƙirgawa. Ba a cuci furodusa ba, ba a cuci mai kallo ba.

MaiShiri_KN:
Wannan na yarda da shi. In dai cikin ƙarshen makon ne, lissafi ɗaya ne.

Sani_Legas:
Na ga an yar da na Legas tun da wuri, to don masu zuwa ba tare da yara ba nake magana. Kada ku raina finafinan kudancin Najeriya na yanzu. Na Funke Akindele da ya fito a ƙarshen 2023 shi ne na farko cikin finafinan Najeriya da ya haura naira biliyan ɗaya a silima, kuma mutane ne suka yi ta komawa suna jan 'yan uwansu. Sai dai ku lura da lokaci, manyan furodusoshin nan Disamba suke ajiye wa kayansu masu nauyi, kamar yadda namu ke jiran Salla, 'yan Indiya kuma Diwali da Idi. Wanda aka saki a tsakiyar shekara ba tare da wani biki ba yakan zama matsakaici, ko da yake akan sami na kirki a ciki. Barkwancinsu kuma rabinsa da Turancin buroka ne da Yarbanci, wanda bai zauna kudu ba zai ga mutane na dariya shi bai san dalili ba.

Abban_Ikram:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maman Ikram abin da kuka rubuta. Ita na Hausan take so, ta ce tana son ta ga aikin daraktan nan a babban allo ko sau ɗaya. Ikram kuma na Indiya take so saboda rawar da ta gani a tirela. Ni kaina zuciyata tana kan na Amurkan, don na kalli kashi na ɗaya da na biyu. Abin da muka tsayar yanzu, za mu jira zuwa safiyar Asabar. Ko akwai wanda zai shiga na Hausan gobe Juma'a a cikinku?

EditanZooRoad:
Ni zan shiga na ƙarfe takwas in Allah ya yarda, da kuɗina, ba gayyata ba. Zan faɗa maka yadda sauti da hoto suke, da ko labarin ya riƙe ni. Amma maganar ko ya dace da Ikram, gara mace mai 'ya'ya ta faɗa.

Ummu_Hanif:
Ƙanwata za ta je da ƙawayenta gobe bayan La'asar, tana da 'ya sa'ar Ikram. Zan ce ta lura min da wannan musamman, in rubuto nan kafin ku kwanta.

Masoyin_Indiya:
Ni dai ina na Indiya gobe ƙarfe ɗaya. In faɗan bayan hutun bai kai yadda maƙwabciyar Anti ta faɗa ba zan gaya muku, in ya kai ma zan faɗa.

Baba_Fagge:
Duk wanda ya je ya dawo, don Allah kada ya faɗi ƙarshen labari a nan. Abban Ikram, ku tafi da rigar sanyi saboda yarinyar, jikokina sun ce na'urar sanyaya ɗakin tana da ƙarfi, kuma ku nemi kujerun tsakiya, na gaba suna sa ciwon wuya.